Kuyangar Labari da Kuyangar Salaga

Da an idar da sallar isha'i an kwashe kwanukan tuwo, sai hasken wayoyi ya tashi a ƙofar ɗakuna, tun daga Aboabo ta Kumasi har Nima da Sabon Zango a Akra. Wata tana karatu da idonta, wata ta maƙala abin sauraro a kunne ana karanta mata a YouTube, wata kuma ta tura kuɗi ta MoMo don a saka ta a rukunin WhatsApp inda marubuciya ke sakin shafi bibbiyu kowane dare. Galibin labaran daga Nijeriya suke zuwa, ko da yake 'ya'yan zango ma sun fara gwada alƙalaminsu. Mun zauna mun karanta da yawa daga cikinsu, ba jita-jita muka ɗauko ba, kuma akwai wani iri guda da muke da magana a kansa, wato labarin yarima da kuyanga.

Duk wanda ya karanta ɗaya ya karanta ɗari. Wata masarauta ce a wani zamanin da ba a faɗi shekararsa ba. Yarima kyakkyawa ne, miskili, ba ya dariya, 'ya'yan sarakuna suna mutuwar sonsa bai ko ɗaga ido ba. Sai ga wata kuyanga da aka kawo fada cikin ganimar yaƙi, ko aka bai wa mahaifiyarsa kyauta. Ranar farko ta ɓarar masa da ruwa a alkyabba, ya kwaɗa mata mari, ya sa dogarai su kulle ta. A yi shafi tamanin ana wannan wulaƙanci, jakadiya tana kai gulma tana kawowa, gimbiyar da aka yi masa baiko da ita tana bin bokaye, har ciwon so ya kwantar da yarima. Can kusa da ƙarshe sai wata tsohuwa ta fito da wani zobe ko wata laya, asiri ya tonu: ashe kuyangar nan 'yar sarkin wata ƙasa ce da aka sace tun tana zanen goyo. A busa kakaki, a buga tambari, a ɗaura aure, masu karatu su cika rukuni da guɗa.

Tun da wuri bari mu raba gari da masu ƙona littafi. A 2007 an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya, kuma ba mu ga tarbiyyar da hayaƙin ya gyara ba. Adabin soyayya yana da hakki a wuyanmu. Lokacin da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, ido cikin ido ta dubi mazan zamaninta, ta yi maganar auren dole da mijin da ke watsar da iyali. Ado Ahmad Gidan Dabino a In Da So Da Ƙauna ya ɗauko katangar da kuɗi ke ginawa tsakanin masoya. Waɗannan ba su gudu daga gidajen da suke zaune ba. A nan Gana kuwa hakkin ya ninka, domin Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu, kuma ƙannenmu da yawa a kan waɗannan labarai na waya suka koyi karanta harshen da suka tashi da shi. Wannan ne ma ya sa maganar ta yi nauyi. Yarinyar da ba a taɓa ba ta littafin tarihi ko ɗaya da Hausa ba, duk abin da ta sani game da zamanin kakanninta daga bakin yarima miskili ta ji shi.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne zoben nan na ƙarshe. Me ya sa dole sai kuyanga ta zama 'yar sarki kafin a shafa fatiha? Domin marubuciyar, da mu masu biya mu karanta, ba mu yarda a zuci cewa baiwa 'yar baiwa ta cancanci yarima ba. Da zarar zoben ya fito, duk marin da ta sha da kurkukun da ta kwana sai su koma kuskure, wai an wulaƙanta wadda bai kamata a wulaƙanta ba. Sauran kuyangin fa, masu fifita da shara da daka, waɗanda marubuciya ba ta ko raɗa musu suna ba? Suna nan a durƙushe har shafin ƙarshe, kuma ranar biki a cikinsu za a ɗebi arba'in a bai wa amarya su riƙa bin bayanta. Ita ma ta karɓa tana murmushi. Labarin bai taɓa cewa bauta mugun abu ba ce. Iyakacin abin da ya ce shi ne an yi kuskuren kamu.

A dubi kuma siffar da ake ba ta. Kullum fara ce sol, mai dogon hanci, gashi har gadon baya, kamar an ɗauko ta daga Misira. Fuskarta sumul, babu tsage ko ɗaya. Hausarta tsaf kamar haihuwar Kano, ba ta taɓa yin mafarki da wani yare ba, ba ta taɓa farkawa cikin dare tana kiran uwarta da sunan da babu mai fahimta a gidan ba. An wanke ta tas daga duk abin da zai tuna mana da ainihin matan da aka kama.

Mai karatu a Kano ko Zinder yana da nasa hisabi da wannan tarihi, ba mu za mu yi masa ba. Mu namu yana Salaga. Can ne goron da ke fitowa daga kurmin Tonawa yake haɗuwa da ayarin fatake daga Kano da Katsina da Barno, masu kawo kanwa da tufafi da fatu, kuma a ƙarni na 19 garin yana cikin manyan kasuwannin bayi na Afirka ta Yamma. Sarakunan Dagwamba suna biyan Tonawa haraji da mutane, kuma mutanen nan ba daga sama suke faɗowa ba, ƙauyuka ake kai wa hari. Daga wajen 1860 mahayan Zabarmawa, ƙarƙashin Alfa Hano da Gazari sannan Babatu, suka shafe shekaru sama da talatin suna yashe ƙasar Gurunsi, sai a ƙarshen ƙarnin ƙarfinsu ya karye. Mutanen Gwollu katanga suka gina suka kewaye garinsu saboda maharan, kuma ragowarta tana tsaye har yau. Bulsawa kuwa duk watan Disamba suna bikin Feok a Sandema, suna fitowa da kwari da baka da hulunan ƙaho don tuna ranar da suka fatattaki Babatu. Waɗanda ba su tsira ba, da yawansu Salaga aka koro su, da marin ƙarfe a ƙafa. Akwai wurin da ake yi musu wanka a shafe su da man kaɗe don fata ta yi sheƙi kafin a kai su gaban masu saye, kuma sunan wurin Wankan Bayi. Da Hausa aka raɗa shi, domin Hausa ce harshen kasuwar, kuma a cikin dillalai da fatomomi da masu saye akwai kakanninmu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Budurwa ta fi ƙato tsada a irin waɗannan kasuwanni, kuma babu babban da bai san dalili ba. Ita ce kuyangar da ake kai wa fada kyauta.

Sai dai ba a ɓangaren masu saye kaɗai jininmu yake ba, kuma wannan ne abin da ba a son faɗa a zango. Fatake da yawa sun zauna a ƙasar Gwanja sun auri matan ƙasa, wasu sun sayi mata sun sa a ɗaka sun haihu da su. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, waɗannan gidaje ne suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, daga baya har Kumasi da bakin teku. Sojojin da Turawan Ingila suka riƙa kira Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudu ko aka 'yanta, waɗanda suka ɗauki harshen Hausa da sunayen Musulmi, kuma zuriyarsu tana cikin waɗanda suka cika zangunanmu. Gidaje nawa ne ake lissafa kakanni maza har zuwa Katsina ko Kabi, amma da an zo kan wata kaka mace sai a ce daga arewa ta zo, a ja baki a yi shiru? Tsofaffi sun tuna tsagen da ke fuskarta, sun tuna yadda Hausarta ba ta fita sosai, amma garinsu ba a sani ba. Tonawa suna da tsohuwar doka cewa ba a tona asalin mutum, mu ma muna da irinta, kuma akwai rufin asiri mai kyau a ciki. Amma rufin asirin bai hana raɗe-raɗi ba idan an zo binciken aure, bai hana gorin asali ba idan faɗa ya kaure a bakin famfo. Yarinyar da ke hawaye saboda kuyangar labari, mai yiwuwa jikar kuyangar gaske ce, wadda babu zoben da ya zo ya cece ta.

Ga kuma maƙwabta. A gidan haya ɗaya muke da Basisale da Bakasene da Bafarafare, a sahu ɗaya muke tsayawa da wasunsu, mun ba su aure sun ba mu. Mu da muka san zafin sunayen raini da ake jifan ɗan arewa da ɗan zango da su a kudu, mu da iyayenmu suka ga abin da ya faru a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta bai wa baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, har aka riƙa tambayar haifaffun zango asalinsu, bai dace a same mu muna sheƙa turare a kan harin da aka kai wa kakannin maƙwabtanmu ba. Laifi tudu ne.

Wani zai ce ai an yi sa-ɗaka a gidajen sarauta, kuma wasunsu sun yi ƙarfi. Gaskiya ne, kuma gaskiyar ta fi abin da ake rubutawa daɗin ji. Heidi Nast, wadda ta yi bincike a kan gidan Sarkin Kano, ta nuna yadda sa-ɗaka suka riƙe sha'anin hatsin da ke shigowa fada, abin da ya ba su iko na gaske. A shari'a, wadda ta haihu da ubangidanta ba a sayar da ita, tana samun 'yanci idan ya rasu, ɗanta kuwa ɗa ne kamar kowa, kuma sarakuna da dama 'ya'yan sa-ɗaka ne. Amma duk wannan iko a kan rashin zaɓi aka gina shi. Ba ta da waliyyi, ba ta da sadaki, ba ta da rabon kwana irin na matar aure, ba ta da gidan uban da za ta yi yaji ta tafi. Ba a tambayi yardarta ranar da aka kai ta turaka ba, kuma soyayyar da ɗaya ke da ikon sayar da ɗaya tana bukatar marubuci mai ƙarfin zuciya kafin ya kira ta soyayya. Bābannin da ke gadin ƙofofin cikin gida, yara ne da aka yi wa dandaƙa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da ke Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi, kuma mafi yawansu ba su taɓa ganin soron sarki ba, a rinji suke suna noma. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya, wato akwai masu rai yau da aka haife su kafin ranar. Malamanmu na da ma ba su ɗauki lamarin wasa ba: tun 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta fatawa yana jan kunne a kan bautar da 'yantattun Musulmi, har ya ambaci mutanen Kano da Katsina a cikin waɗanda ake zalunta.

Ba mu kaɗai ke wannan kwaskwarima ba. Shirin talabijin na Turkiyya a kan Sarki Sulaiman da Hurrem, wanda aka fara nunawa a 2011, ya zaga duniya da irin wannan ƙamshi, kuma da wuya a ce marubutanmu ba su shaƙa ba. Hurrem yarinya ce da mahara suka kamo daga ƙasar da yanzu take cikin Yukren, ta zama matar sarki, wannan ya faru. Abin da ya biyo baya ma ya faru: a 1553 Sulaiman ya sa aka shaƙe babban ɗansa Mustafa, ɗan kishiyarta, daga baya kuma Bayazid, ɗan cikinta, ya bi shi. Turkawa aƙalla sun nuna igiyar shaƙewar. Namu a kan guɗa suke tsayawa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kanmu ita ce ta gajiya, kuma ba za mu raina ta ba. Matar da ta wuni a tsaye a Kejetia ko a bakin tukunyar waake, ta dawo ɗaki ɗaya da yara biyar, wuta ta ɗauke, mijin da zai ce mata sannu yana can majalisa ko yana Libiya shekara uku babu aike, wa zai hana ta rabin awa a cikin fadar da ake shimfiɗa kilisai ana turara ɗaki? Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma kasuwar waɗannan labarai shaida ce a kan mazan zango kafin ta zama shaida a kan matansu. Namijin da ke dariyar matarsa don tana son yariman waya, ya tambayi kansa yaushe rabon da ya zauna ya yi hira da ita. Amma a dubi irin namijin da ake ba ta ta huta da shi: mai mari, mai kullewa, wanda ba ya neman gafara sai ya gano jinin sarauta. Darasin da ke ƙarƙashin alkyabbar shi ne ki jure duka, wata rana zai so ki. Wannan darasi ba baƙo ba ne, shi ne wanda ake karanta wa amare tun kafin a ƙirƙiro waya, kuma mun ga matan da suka bi shi har kabari.

Masu cewa ai tatsuniya ce, su tuna cewa tatsuniya tana da ladabi. Mai bayarwa tana rufewa da amsa cewa ƙarya ta shara, ta ɗora wa Gizo alhaki, yara su tashi sun san kura ba ta magana. Waɗannan labarai kuwa da sunan al'ada suke zuwa, da kirarin sarauta da sunayen muƙamai na gaske, da ikirarin wai haka kakanninmu suka rayu.

Kuma abin bai zama tarihi ba tukuna. A 1996, a yankin Birnin Ƙonni na Nijar, an sayar da wata yarinya 'yar shekara 12, Hadijatou Mani, a kan sefa 240,000 ga wani dattijo mai mata huɗu, ta zama abin da ake kira wahaya, wato ta biyar. Ta yi masa bauta kusan shekara tara, ta haihu da shi. Da ta samu takardar 'yanci ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. A watan Oktoba na 2008 kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke hukunci cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Ga kuyanga, ga ubangida mai hali, ga masoyi na gaske a gefe. Duk kayan labarin sun cika, sai dai babu wanda zai iya karanta shi yana lumshe ido.

Abin takaicin shi ne hanyar da ta fi wannan a buɗe take, kuma tsohuwa ce. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar tun farkon shekarun 1930, kuma ƙaunar da ta fi kowace ƙarfi a littafin ita ce ta uwar da ta bi sawun ɗanta da aka sace, ita ma aka bautar da ita, ta ƙetare Sahara, ta gan shi, ta cika. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, ta tashi a gidan da ke da bayi a rinji, ta kuma ba da labarin yadda mahara suka kama matan danginta aka tara kuɗin wuri aka fanso su. Aure huɗu ta yi, na farkon na zumunta ne da ba ta so, ta fita ta auri wanda ranta ke so. Wace gimbiyar waya ce ta kai ta? A nan gida, Ayesha Harruna Attah ta fitar da The Hundred Wells of Salaga a 2018, bayan ta gano cewa wata kakarta ta can baya baiwa ce da ta ratsa kasuwar Salaga. Akwai so a littafin, akwai 'yar sarauta, akwai baiwa, kuma baiwar ba ta rikiɗe ta zama gimbiya ba. Da Turanci ta rubuta, saboda haka yawancin matan da ke biyan kuɗin rukuni ba za su karanta ba. Wannan gurbi na marubutan zango ne, kuma har yanzu babu kowa a ciki.

Kayan aiki kuwa jibge suke. Ayarin goro yana shafe watanni tsakanin Kano da Gwanja, ta Yawuri da Nikki da Jugu da Yendi, da madugu da jagaba da jakuna ɗaruruwa, da matan da ke bin ayari suna dafa abinci suna nasu cinikin. Akwai matar da aka bari a Kano tana ƙirga damina, akwai wadda aka aura a Salaga da ba ta san da waccan ba, akwai wadda aka saya da ta haifi magajin gida. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Hausa da Larabci a kan rayuwar Hausawa da faɗuwar Salaga da zuwan Nasara, kuma kabarinsa a ƙasar nan yake. Ƙanwarmu mai sakin shafi bibbiyu kowane dare, idan za ki sake rubuta kuyanga, ki ba ta sunan ƙauyensu, ki bar mata tsagenta da yarenta, ki bar ta 'yar manomi har shafin ƙarshe, sannan ki ga ko yariman naki zai iya sonta a haka. Kafin ki fara, ki zauna da tsohuwar gidanku ki tambaye ta sunan kakar da ba a ambata. Idan hali ya yi, ki shiga motar Tamale ki sauka ki nemi ta Salaga, tafiyar awanni kaɗan ce. Rijiyoyin suna nan, kuma masu yi wa baƙi jagora za su kai ki Wankan Bayi.